Ƙanina yana koyon saka haƙorin roba a kasuwa: in bar shi ko in tura shi makaranta?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ma'aikatan lafiya da ke gidan nan ku ba ni shawara. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya gama sakandare bara, tun lokacin ya liƙe wa wani mutum da ke bin kasuwannin ƙauyukanmu na wajen Ringim yana saka wa mutane haƙorin roba, yana cire mai ciwo, har na ado ma sakawa yake. Yaron wlh yana da hannu, abu in ya gani sau ɗaya sai ya yi shi, kuma ya fara samun na sabulu. To jiya wani abokina ya ce min wai aikin nan ba a yin sa sai da takarda da lasin, in hukuma ta kama su ba za su ji daɗi ba, tun jiyan hankalina bai kwanta ba. Tambayata ita ce akwai makarantar da ake koyon wannan sana'a takanas? A ina take, shekara nawa ake yi, me ake nema? Ko dole sai ya zama cikakken likita? Na biyu kuma maiɗakina tana gyaran amare, dilka da halawa da lalle, yanzu ta ce za ta ƙara da wankin haƙori irin na sa fari ɗin nan da ta gani a TikTok, wai wata a Kano za ta koya mata cikin sati biyu. Shi ma akwai doka a kansa ne?

Dan_Gujungu:
Wa alaikumus salam. Malam ka bar yaro ya koyi sana'arsa. Masu digirin nawa ne suke zaune a gindin bishiya ba aiki? Wanda ya samu abin yi a wannan zamanin ai sai godiya.

Mai_Kera_Hakori:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Wannan layina ne, a ɗakin ƙera haƙori nake aiki, bari in warware maka don mutane suna haɗa ayyuka huɗu su mai da su ɗaya.

Akwai likitan haƙori, shi ne mai shekara 6 a jami'a, kamar nan BUK suna da tsangayar haƙori kuma a asibitin Malam Aminu Kano suke koyon aiki. Hukumar likitoci MDCN ce ke ba shi lasin. Shi ke duba baki ya faɗi ciwo, ya yi allura, ya cire, ya cike rami, ya yi tiyata.

Akwai mu masu dental teknoloji. Mu ba ma zama da marar lafiya muna cire masa haƙori, aikinmu ƙira ne: haƙorin roba, hular haƙori, gadar haƙori mai cike giɓi, farantin gyaran jerin haƙori, har idon roba da kunnen roba da abin toshe ganɗa ga wanda aka yi wa tiyata ana yi a ɓangarenmu. Muna da hukumarmu ta rajista daban, DTRBN, an kafa ta da dokar soja mai lamba 43 ta 1987.

Akwai masu dental tarafi, su ne masu kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori da wanke shi da koyar da tsaftar baki. Su ma da tasu hukumar, ta 1993 ce, kuma a ƙarƙashinta mataimakan likitan haƙori suke, waɗanda ake ce wa DST, su ne na huɗun, masu shirya kayan aiki da dafa su da tsayawa kusa da likita.

Abin da ubangidan ƙaninka yake yi ya haɗa aikin likita da nawa ne a kan tabarma ɗaya, kuma ba shi da lasin ko ɗaya daga ciki. Abokinka gaskiya ya faɗa maka.

Abban_Hanifa:
@Mai_Kera_Hakori Allah ya saka da alheri yaya. To naku ɗin a ina ake karanta shi? Don ina ganin shi ne ya fi dacewa da yaron, ƙirar ce ta fi burge shi ba cirewar ba.

Mai_Kera_Hakori:
Tsohuwar makarantarmu ta tarayya tana Inugu, a Legas aka fara ta a 1955 aka mai da ita Inugu a 1982. Hanyar difloma ND shekara 2 ce sannan HND shekara 2. In kuma digiri yake so jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri tana yi, shekara 5. Bayan nan akwai jarrabawar hukuma, da horon aiki na shekara ɗaya a asibiti, sai bautar ƙasa, kuma lasin ɗin sabunta shi ake yi ba wai an ba ka shi ke nan ba. Abin da ake nema kiredit biyar ne, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, sai JAMB. Yana da su?

Abban_Hanifa:
Huɗu gare shi, kemistiri ne bai fito ba.

Malam_Firamare:
Wannan ai mai sauƙi ne, ya sake zama NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, makarantu da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗa. Amma dan Allah ya zauna ya karanta kemistirin da gaske kar a je a saya masa, don can gaba zai haɗu da shi, aikin nan duk haɗa sinadarai ne kamar yadda na fahimta.

Dan_Gujungu:
Inugu fa kuka ce? Owerri? Talakan da ke neman kuɗin taki ne zai tura ɗa kudu shekara huɗu ko biyar? Ku riƙa faɗin abin da zai yiwu mana. Kuma ni tambayata, tsohuwar da ke ƙauyenmu haƙoranta na gaba sun zube tana jin kunyar shiga biki, ina za ta? Kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano, ta bi layi, a ce ta dawo wani satin, ta sake dawowa gwaji. Mutumin kasuwa kuwa nan take zai saka mata ta tafi gida tana murmushi. Rashin uwa ne ke sa a yi uwar ɗaki, da akwai likitan haƙori a kowane asibitin ƙaramar hukuma da ba wanda zai zauna a tabarmar kowa.

Uwar_Biyu:
@Dan_Gujungu ƙanina maganarka ta nisa da kuɗin mota gaskiya ce ba wanda zai musa, amma murmushin nan na nan take ni na ga ƙarshensa a bakin mahaifiyata. Haƙori biyu na sama ta rasa, aka kai ta wajen irin waɗannan a wata kasuwa. Ya kwaɓa wani gari da wani ruwa mai warin tsiya, ya dasa haƙoran a giɓin, ya shafe robar a jikin haƙoran da ke gefe ta daskare a nan cikin bakinta. Da farko kowa yana yabawa. Abin ba ya cirewa ko kaɗan, asuwaki ba ya shiga ƙarƙashinsa, abinci yana taruwa. A hankali baki ya fara wari har ita kanta ta daina zama kusa da mutane, dasashi ya kumbura yana jini, ranar da fuskarta ta haye muka ɗauke ta sai asibiti. Da likita ya fasa robar nan da injin, abin da ya fito ba na son tunawa, kuma haƙoran gefen da ke da lafiyarsu da sun riga sun yi girgiɗi sai da aka cire su su ma. Ta je neman biyu ta rasa huɗu. Kuɗin motar da muka guje wa mun biya ninkinsa a magani.

Mai_Kera_Hakori:
Allah ya ƙara wa Inna lafiya Anti. Irin wannan muna ganinsa sosai. Robar da ya yi amfani da ita mai daskarewa da kanta ce, mu gyaran haƙorin roba da ya karye muke yi da ita a kan tebur, ba a gina ta a jikin haƙorin mutum a bar ta.

Bari in faɗa muku yadda ake yi a ƙa'ida don ku ga dalilin zuwa da dawowar da Dan Gujungu ke kuka da shi. Likita zai fara duba bakin, in akwai ruɓaɓɓen saiwa ko ciwon dasashi sai an magance shi, in sabon cirewa ne ana jira wurin ya warke don dasashi yana motsewa. Sannan ya ɗauki awon baki da wani kwaɓi mai laushi a cikin faranti. Ni zan zuba filasta a awon nan in fitar da bakin mutum sak a hannuna, sama da ƙasa, in ɗora su a kan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa kamar muƙamuƙi don in ga yadda cizonsa yake. In jera haƙoran a kan kakin zuma ɗaya bayan ɗaya, in duba launi da tsayi, na tsoho daban na budurwa daban. A kira shi ya gwada, in wani wuri ya yi tsayi a gyara tun yana kaki. Sai in rufe shi a tukunyar ƙarfe da filasta, in narkar da kakin da ruwan zafi, in cusa roba a gurbinsa, in dafa ta na awanni, in fasa, in goge, in sa ta yi santsi yadda ba za ta ci dasashi ba. Kuma abin da zai fito na cirewa ne, da dare ka cire ka wanke ka sa a ruwa. Wannan shi ne abin da ake koya a shekarun nan, haɗe da sanin ƙashin baki da jijiyoyi da yadda cuta ke yaɗuwa. Ƙaninka in yana da hannu kamar yadda ka ce, wlh a wannan ɗakin zai ji daɗin rayuwarsa.

Dan_Sarkin_Aska:
Ni kuma ina da ja kaɗan. Gidanmu gidan wanzanci ne, kakana ya cire haƙori ya yi ƙaho ya yi kaciya shekara da shekaru kafin a gina asibiti a garinmu, ba takarda ko ɗaya, kuma har ya rasu mutane girmama shi suke. Kar a mai da duk wanda bai shiga aji ba ya zama mugu. Gado ma ilimi ne.

Malamar_Asibiti:
@Dan_Sarkin_Aska ba wanda ya ce mugaye ne, Allah ya jiƙan kaka. Ni a ƙaramin asibitin ƙauye nake kuma da wanzamai muke aiki, wasunsu su ke turo mana yara rigakafi. Amma akwai abin da ido ba ya gani. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma ƙwayar tana iya rayuwa a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko da jinin ya bushe. Filaya ɗaya a cire wa mutum goma haƙori ranar kasuwa, ana ɗauraye ta a roba ɗaya da ruwan Dettol, wannan ba ya kashe ta, sai an dafa kayan a tukunyar tururi mai matsi irin ta asibiti. Wanda ya ɗauka kuma ba yau zai gani ba, sai bayan shekaru ciki ya kumbura a ce sammu ne. Sannan mai hawan jini ko mai ciwon suga ko mai ciki ko mai sikila, kafin a taɓa bakinsa akwai tambayoyin da ake yi. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka cire wa turmi da hantsi har bayan la'asar jini bai tsaya ba, ya cika tsumma ya cika wani, ashe yana shan maganin tsinka jini ba wanda ya tambaye shi.

Abban Hanifa ko me kuka yanke, ka kai yaron a gwada shi ciwon hanta a yi masa allurar rigakafin, guda uku ce, tunda ya riga ya yi ta taɓa jinin mutane.

Dan_Sarkin_Aska:
Wannan na yarda Malama. Mu ma yanzu reza sabuwa muke sa kowa ya sayo, kuma ni na daina taɓa haƙori gaba ɗaya, aski da ƙaho kawai. Abin da nake so a gane shi ne a jawo mu a koya mana, ba a zo da 'yan sanda ba.

Alhaji_Na_Maigatari:
To haƙorin Makka fa? Nawa yana bakina tun zuwana na farko bai taɓa min ciwo ba, kuma wanda ya saka min ban ga wata takarda a bangonsa ba.

Mai_Kera_Hakori:
Allah ya ƙara lafiya Alhaji, ya sa a maimaita. Wasu kam suna dacewa. Amma hula ce ake kifawa a kan lafiyayyen haƙori, wani lokacin har sai an ɗan goge shi kafin ta shiga, in bakinta bai zauna daidai da dasashi ba abinci yana shiga ƙarƙashi haƙorin ya riƙa ruɓewa a ɓoye, mai shi ba zai sani ba sai ciwo ya kai jijiya. In ka shigo birni ka sa a duba maka gindinta, ba sai an cire ba in lafiya take.

Hajiya_Babba:
Ni nawa cire shi aka yi bayan wari ya dame ni, na ciki ya zama baƙi ƙirin. Da zan koma ba zan saka ba, dabino da zamzam sun ishe ni shaida.

Ummi_Lalle:
Dan Allah an manta da tambaya ta biyu, ta matarsa, kuma ni ita ta fi damuna don sana'ata ce. Ni ma gyaran amare nake a wajen Gumel kuma a wajen yayar babata na koya, tun da na fara ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Yanzu amare da kansu suke zuwa da hoto a waya, ita tana son haƙori fari tas, tana son wayar ado a haƙori, tana son a buɗa mata wushirya, wata ma ƙarin ruwa na sa fari take tambaya. In ka ce ba ka yi sai ta tafi wajen wata. Ina iyakar abin da ya halatta mu yi?

Dakta_Hakori_KN:
@Ummi_Lalle 'yar uwa tambayarki ta yi kyau. Ni likitan haƙori ne, ga yadda nake ganin iyakar: duk abin da zai shiga cikin baki ya taɓa haƙori ko dasashi, da duk abin da zai huda fata, ya fita daga gyaran jiki ya shiga aikin lafiya.

Man sa farin haƙori da ake sayarwa da fitila mai shuɗin haske, mai aiki a cikinsu sinadarin haidurojin feroksaid ne ko ɗan uwansa. In ya yi ƙarfi ya zuba a dasashi ƙona shi yake ya yi fari fat, in akwai rami a haƙorin kuma ya shiga ciki amarya za ta kwana tana kuka. Wasu kuma ba shi ba ne ma, asid ne a kwalba, yana cinye fatar haƙorin ta waje, ranar zai yi haske bayan wata ɗaya ya koma rawaya fiye da da, ruwan sanyi ma ba za ta iya sha ba, kuma fatar haƙori in ta tafi ba ta tsirowa. Sannan ba kowane launi ne wanki ke fitarwa ba. Na goro da shayi kankarewa ake yi. Akwai wanda tun yarinta ruwan rijiyar garinsu ne mai sinadarin fuloraid da yawa ya sa haƙoran suka yi dabbare-dabbare, akwai haƙorin da ya mutu ya yi duhu daga ciki. Mai kwas ɗin sati biyu ba za ta bambance waɗannan ba.

Wayar ado ta fi ba ni tsoro. Waya in an ɗaura ta jan haƙori take ko an so ko ba a so ba. Mu kanmu likitoci wanda zai ƙware a gyaran jerin haƙori sai ya ƙara shekaru yana horo bayan digiri. Na ga yarinya da aka manna wa da gam ɗin sufa gulu, haƙoran gaba sun baje. Wushirya kuma goge haƙori biyu ake da abin gurza, abin da aka goge ya tafi har abada.

Abban Hanifa ka ba Maman Hanifa haƙuri ta bar wannan, ta riƙe dilkarta da halawarta. In amarya ta matsa a turo ta asibiti a wanke mata.

Maman_Ihsan:
Dakta ka yi maganar baki, ni bari in yi ta fata don a kemis nake. Masu gyaran jiki da yawa yanzu ba dilka da kurkum kaɗai suke ba, haɗi suke yi, a matse tub uku huɗu a cikin man shafawa a zuba a robar da ba suna ba lamba a ce sirrin amarya. Tub ɗin nan yawanci maganin ƙaiƙayi ne mai ƙarfi irin su kulobetasol da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. Dokar NAFDAC ta hana sa irin wannan maganin da sinadarin makuri a man kwalliya, haidurokwinon ma ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba, kuma a 2023 hukumar ta ce matsalar bilicin ta kai matakin ta-ɓaci a ƙasar nan. Makuri ƙoda yake taɓawa. Wadda ta daɗe tana shafa haɗin fatarta sirancewa take, jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta faso, in aka yi mata tiyatar haihuwa ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Abin da ya fi ci min rai har jarirai ake shafa wa.

Amma ku lura NAFDAC kaya take yi wa rajista, ba ita ke ba mutum izinin yin allura ko ɗaura ruwa ba. Wata za ta nuna miki lamba a jikin kwali ta ce ai mai rajista ne, to ko da lambar ta gaske ce, hannun da zai soka allurar fa?

Ummi_Lalle:
Na gode Dakta, na gode Anti. Ni dama haɗi ba na yi. Amma dayis ɗin baƙin lalle fa? Na taɓa samun amarya da hannunta ya yi ƙuraje ya ɗuri ruwa daidai zanen, kwana biyu kafin ɗaurin aure, har gida uwarta ta zo tana faɗa.

Maman_Ihsan:
Sinadarin rinin gashi ne a ciki, PPD ake ce masa, wasu jikinsu ba ya ɗauka, kuma wadda ya taɓa yi wa haka in ta sake sai ya fi na farko muni. Ki riƙa tambaya ko ta taɓa samun matsala da shi ko da rinin gashi, in ta ce e ki tsaya a jan lalle na ganye. Ki kuma ɓoye shi nesa da yara don guba ne in aka sha.

Duba_Gari_Kazaure:
Ni ma'aikacin tsaftar muhalli ne. Shagon aski da na kitso da na gyaran jiki suna cikin wuraren da aikinmu ya shafa, muna duba tsafta da ruwa da yadda ake zubar da reza. Matsalar a ƙauye yawancin masu gyaran jiki a cikin gida suke, cikin ɗakin matar aure, ba za ka faɗa gidan mutum ba sai an kawo ƙara. Masu bin kasuwa kuma yau suna nan gobe suna wata ƙaramar hukumar. Wanda ya buɗe wurin haƙori ko asibiti mai zaman kansa a Kano hukumar PHIMA ce ke masa rajista kuma tana rufe na bogi, a Jigawa ta ma'aikatar lafiya ake bi. Ummi in kina son takardar sana'a akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mataki uku ce, kuma hukumar samar da ayyukan yi ta NDE na koyar da sana'o'in hannu. Sai dai ita shaidar kin iya sana'arki ce kawai, ba ta ba ki damar allura ko taɓa haƙori.

Bako_A_Ingila:
Ina biye da ku daga nesa, ɗan Haɗeja ne ni ina aikin jinya a nan Ingila. Kar ku ɗauka mu kaɗai ke fama. A nan hukuma ɗaya ce GDC ke rajistar likitan haƙori da mai ƙera shi da mai taimaka masa, kuma sa farin haƙori a dokarsu aikin haƙori ne, mai shagon kwalliya in ta yi ana gurfanar da ita a kotu, ko da ta yi kwas ta samu satifiket. Abin da ake sayar wa kowa a kanti feroksaid ɗinsa ba ya wuce kashi 0.1, likita ma iyakarsa kashi 6. Amma ɓangaren allurar cika leɓe da ta Botox sun daɗe da sakaci, sai a 2021 aka hana yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 a Ingila. Wani abu da ya burge ni, suna da mai ƙera haƙori da ya ƙara karatu aka ba shi damar karɓar wanda ba shi da haƙori ko ɗaya kai tsaye ya auna shi ya yi masa cikakken saiti ba sai ya bi ta likita ba. Da za a yi irin wannan a gida a tura su ƙauyuka, da kukan Dan Gujungu ya ragu.

Dakta_Hakori_KN:
@Bako_A_Ingila a can akwai mai bin sawu ya ga ko mutum ya tsallake iyakarsa. A nan in ka buɗe wannan ƙofar ba sa ido, gobe za ka tarar da shi yana cire haƙori yana rubuta magani. Yanzu ma muna samun waɗanda suka yi DST sun koma ƙauye sun kafa kujera ana ce musu dakta.

Mai_Kera_Hakori:
Dakta da girmamawa, wannan gaskiya ne amma ku ma ku faɗi ɗaya gefen. Likitocin haƙori nawa ne suke yarda a tura su ƙauye su zauna? Yawanci suna Kano da Dutse ko sun fita waje. In an hana na ƙasa kuma na sama bai zo ba, mutumin tabarma ne zai ci gaba da cin kasuwarsa. Ni ina goyon bayan a ƙara mana horo a ba mu iyaka a rubuce, wanda ya tsallake a ƙwace lasin ɗinsa.

Dan_Gujungu:
Yawwa, abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu. Anti Uwar Biyu labarin Inna ya taɓa ni wlh, ban san haka robar take yi ba. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa min inda tsohuwar ƙauyenmu za ta je ranar Lahadi in haƙori ya hana ta barci.

Malamar_Asibiti:
Ta zo wajenmu mu ba ta maganin rage zafi mu rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, iya abin da aka koya mana ke nan kuma ba zan wuce shi ba. Na san ba shi kake son ji ba. Ku da kuke da bakin magana da kansila da ɗan majalisa ku nemi a riƙa turo likitan haƙori ko da sau ɗaya a wata ne, an yi wa ido irin wannan an ga amfaninsa.

Malam_Firamare:
Mu dawo kan yaron. In Inugu ta yi nisa a yanzu, ba zai fara da na kusa ba? Makarantun fasahar lafiya na jihohi su ke yin kwas ɗin DST, Abban Hanifa ka je ta Jahun ko ta Kano da ƙafarka ka karɓi jerin kwasa-kwasan bana. Kuma ka yi hattara da masu zaman kansu da suka cika gari, wasu gida ne aka yi wa fenti aka kafa allo. Kafin ka biya ko sisi ka tambaya hukumar kwas ɗin ta amince da su, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ta amince da diflomar, kuma suna tura sunayen ɗalibai hukuma a ba su lambar rajista tun suna aji ɗaya? Ɗan maƙwabcina ya gama wata irin wannan, ranar jarrabawar hukuma aka ce ba sunan makarantarsu, kuɗin gonar da aka jinginar ya tafi.

Mai_Kera_Hakori:
Shawarar bincike daidai ce Malam, amma a sani DST ba shi ne matakin farko na dental teknoloji ba, layi biyu ne da hukuma biyu. In ya yi DST mataimakin likita zai zama a ɗakin duba marasa lafiya, aiki ne mai kyau kuma ana nema, sai dai ba zai ba shi lasin ƙera haƙori ba. Kar ya shiga da tunanin zai fito ya buɗe shago. Ku zaunar da shi ku tambaye shi wanne yake so. In ƙirar ce, gara ya gyara kemistirinsa ya yi JAMB ya nemi inda ake yin ta ko da nisa, akwai 'yan arewa a can kuma suna riƙe junansu, sannan a nemi tallafin karatu na jiha.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa duka da daddare. Ya ce ƙirar yake so, amma ya ce in ya bar ubangidansa yanzu da me zai biya kuɗin jarrabawar, kuma mutumin ya riƙe shi da amana yana jin nauyinsa. Na ce aƙalla ya daina sa hannu a bakin mutane, gwajin hantar kuma gobe za mu je. Maiɗakin tawa dai ba ta gamsu ba tukuna, ta ce ai waccan ta Kano tana da satifiket a bango. @Mai_Kera_Hakori ko za a bar shi ya zo ɗakin aikinku ya ga yadda ake yi ko na yini ɗaya ne?

Mai_Kera_Hakori:
Sai na nemi izinin shugaban sashe, in ya yarda zan yi maka magana ta akwatin sirri. Kallo kawai zai yi ba zai taɓa aikin marar lafiya ba.

Dakta_Hakori_KN:
Ka ce wa Maman Hanifa ta tambayi mai satifiket ɗin wace hukuma ce ta ba ta, kuma mece ce lambar rajistarta, ta turo min nan in duba mata.

Ummi_Lalle:
Ni ma ina da wata tambayar kafin a watse, masu saka gashin ido da gam da masu huda hanci da kunne da bindiga, su a wane ɓangaren suke? Don ƙanwata ta sayo bindigar jiya.